C350 ta fetur ko C320 CDI ta gas? Amsa ga ƙaninmu na Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ɗauki C350 ɗin ta fetur, ka bar wa dillali C320 CDI ɗinsa ta gas, ko da ya ƙara rage maka kuɗi. Ka ce duka biyun Marsandi ne ƙirar 2009, kuma an gaya maka ta gas ta fi ƙarfi, ba ta kuma shan mai. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, rabin magana dai ya ba ka.

Ga abin da ke takarda. C350 injinta silinda shida ne, lita 3.5, ƙarfin doki 272 a juyi 6,000 cikin minti, ƙarfin murɗa taya Nm 350. Ita C320 CDI silinda shida ce ita ma, lita 3.0 da turbo, doki 224 a juyi 3,800, amma murɗawarta Nm 510, kuma tun daga juyi 1,600 take ba ka shi. Wannan 510 ɗin shi ne abin da dillali ke nufi da ƙarfi. Kana taɓa totur daga tsaye za ka ji ta manna ka da kujera, irin kamun farko na ɗan kokawa. To amma da allurar juyin inji ta haura 4,000 zancen ya ƙare, dole giya ta canja. Dalili kuwa injin gas ba shi da filogi. Iska yake matsewa ninki 17 zuwa 18 har ta yi zafin da mai zai kama da kansa in an fesa shi, saboda haka fistin da sandunansa masu nauyi ne, man kuma ba ya ci da sauri. Inji irin wannan ba ya iya juyi da yawa. Na fetur matsinsa ninki 10 da ɗoriya ne, kayan cikinsa ba nauyi, shi ya sa a inda na gas ke haki, nan shi yake fara aiki.

C350 nake hawa, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina son motar nan. Akwai wata tafiya da na ɗauki kawuna zuwa Yauri lokacin da albasar Aliero ke sauka kudu. Tsakanin Jega da Koko muka tarar da tireloli sun jeru, kowacce ta sha lodi, suna tafe kamar ba za su isa ba. Kawu duk rayuwarsa Fijo 504 ya tuƙa, kuma ba ya ƙaunar gudu ko kaɗan, tun daga gida yake ja mini kunne. Da hanya ta miƙe, na ga gaba fayau ba kowa, sai na danne totur. Giya ta sauko, allura ta tashi, kukan injin ya canja daga gurnani zuwa wata siririyar murya mai daɗi, ta wuce 5,000 tana ci gaba da ja, ba ta sassauta ba har muka bar tirela ta ƙarshe a baya muka koma hannunmu. Kawu ya yi shiru, can ya gyara hularsa ya ce, "Ɗan nan, ashe da sauran numfashi a cikinta?" Daga ranar, in za shi ɗaurin aure wani gari, ni yake aika wa. Ta gas ma za ta wuce tirelolin, ban hana ta ba, sai dai da ƙarar tarakta za ta yi shi.

Na ga wani ɗan uwa a nan ya kawo zancen tsere, cewa motar gas ta ci Le Mans. Haka ne. Audi R10 TDI ta ci tseren awa 24 ɗin nan na Faransa a 2006, ita ce ta gas ta farko da ta yi hakan, Peugeot 908 ta ci a 2009, Volkswagen Touareg mai gas kuma ta ɗauki tseren Dakar a 2009, 2010 da 2011. Amma ka lura da irin tseren. Na dogon zango ne, inda wanda ya rage tsayawa shan mai yake samun rata. Kuma man da suka sha tatacce ne na musamman, injiniyoyi na tsaye a kansu dare da rana. Bayan an kama Volkswagen da maguɗin gwajin hayaƙi a Satumbar 2015, kasuwar ta juya, har Porsche ta sanar a 2018 cewa ta bar gas gaba ɗaya. Ferrari da Lamborghini kuwa ba za ka ga motar gudunsu da gas ba.

Duk wannan ma ba shi ne babban dalilina ba. Babban dalilina man da za ka zuba da wanda zai kwance motar. Mutane in sun ji injin gas, sai su tuna tsohuwar roka ta katako da injin niƙa, waɗanda ko me aka zuba musu sha suke su tashi. CDI ba danginsu ba ce. Famfonta yana tura mai da matsin da ya kai bar 1,600, alhali tayar motarka bar 2 da ɗoriya ake ba ta. Ramukan nozul ɗinta ido da ƙyar yake ganinsu, kuma man gas ɗin da kansa shi ne yake shafe famfon don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. To ka kawo gas ɗin da aka sirka da kananzir, ko wanda ya kwana a duro ruwa ya kwanta a ƙasansa. Kananzir ba shi da santsin, famfo sai ya fara cin kansa, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga injekta shida gaba ɗaya. A Turai tun 2009 salfar da ke cikin gas ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, kuma don irin wannan man aka ƙera motar. ECOWAS sai a 2020 ta tsayar da kashi 50 cikin miliyan. Matatar Dangote ta fara fitar da gas a 2024, an samu sauƙi, amma daga Legas zuwa Kebbi tafiya ce mai nisa, kuma hannu da yawa ke taɓa mai kafin ya shiga tankinka.

Sai matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake ce wa DPF. Aikinta tare baƙin toka, kuma sai ta yi zafin da ya kai wajen digiri 600 kafin ta ƙone abin da ta tara. Wannan zafin a doguwar hanya ake samunsa. Wanda zirga-zirgarsa daga Gesse zuwa sakatariya ce, ya dawo Badariya ya gaida gida, da yamma ya leƙa majalisa, tasa ba za ta taɓa ƙonewa ba. Sai ta toshe, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi, motar da ka saya don gudu ta koma Keke Napep na wuce ta. Tana kuma buƙatar baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka, mai lamba 229.51, wanda ba a kowane shago za ka samu na gaskiya ba. Wani abokina ya sayo wata motar gas ta Turai irin wannan zubin, ta fi daɗewa a ƙarƙashin dalbejiyar gareji fiye da kan titi, daga ƙarshe a kan tirela aka kai ta Kano.

Kayan gyara ma haka. Wannan ƙirar ta C-Class ba a sayar da mai gas ɗinta a Amurka ba, mu kuwa mafi yawan Marsandin da ke yawo a ƙasar nan, da kayan da ake kwancewa a zuba a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo, na C300 da C350 ne 'yan Amurka. Filogi, kwil, famfon tanki, sansa, duk waya ɗaya ce a saka maka a mota ta iso gobe. Bakaniken da ya san injin fetur ɗin nan kuwa akwai shi a Birnin Kebbi, akwai a Sakkwato da Gusau. Na CDI sai ka yi cigiya, kuma masu gyaran famfon tarakta da janareto, duk da gwanintarsu, wannan ba layinsu ba ne.

Batun shan mai, na ba ta gas ɗin. A takarda ta gas lita 7 take sha a kilomita 100, ta fetur kusan 10, a titinmu da na'urar sanyi a kunne cikin zafin Afrilu duk biyun za su haura haka. Amma gas an daɗe da sakin farashinsa, a 2022 kaɗai ya tashi daga wajen naira 300 ya haura 700. Fetur ya yi nasa tsallen bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, daga ƙasa da 200 zuwa 500 da ɗoriya a nan Arewa, duk da haka galibi litar gas ce a sama. Abin da ka tara na rarar mai, injekta ɗaya ta cinye shi. In da a ce kowane mako kana Abuja ta Kontagora, kuma kana da gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, da na saurare ka.

Ita ma ta fetur ɗin ka duba wacce ce. Akwai C350 CGI 'yar Turai mai doki 292, wadda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, ita ma tana da tsirfar mai. Ka nemi wadda ba CGI ba. Fetur ɗinmu bai kai na Turai oktan ba, wato ƙarfin jure matsi, kwamfutar tana ɗan ja baya ta daidaita, ba wata matsala, amma ka nisanci galan ɗin 'yan bumburutu sai in hanya ta tilasta. Ka riƙa duba matatar iska lokacin hunturu. Kuma don Allah kada a gan ka cikin masu juya mota a bikin aure, taya da rai duk suna da tsada.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Ana liƙa tambarin C350 a bayan C230 ko C300, ana canja fitilu da bamba a mai da 2008 ta koma 2012, ana mai da mita baya, ana sace indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, a cusa bututu, ana kashe fitilar gargaɗin inji don kada ta tona asiri. Ka juya makulli ba tare da ka tayar ba, dole fitilar ta kama, in ba ta kama ba an taɓa ta. Ka ɗauki lambar shasi ka duba a intanet, za ta gaya maka injin da shekarar, in 'yar Amurka ce har haɗari ko ambaliyar da ta shiga kana iya gani. Ɗaga kafet ka shinshina. Ka je da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka ɗora hannu a kan inji ka ji da sanyi kafin a tayar, domin mai ɓoye ƙara yakan ɗumama mota kafin mai saye ya iso. Ka tafi da bakanikenka da na'urarsa, ba wanda dillali ya nuna maka ba.

Takardun kwastan kuma kada ka karɓa da ka. A Janairun 2017 gwamnati ta sa dokar hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mu da ke maƙwabtaka da Binin da Nijar mun san yadda 'yan Kwatano ke biyo daji da takardun bogi. Ka kai lambar takardar ofishin kwastan a tabbatar maka an biya duti kafin ka tura ko kafin alƙalami.