Grammarly a shagon taifin ɗina, shekara biyu ke nan

Ni dai sana'ata taifin ce, ina buga wa ɗalibai furojet da takardun neman aiki, kuma kusan shekara biyu ke nan ina amfani da Grammarly, wato manhajar da ke duba kurakuran rubutun Turanci, a kwamfuta, ta kyautar ma nake amfani da ita. Wasu 'yan Yukren ne suka ƙirƙiro ta a 2009.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne kalmomin nan masu kama da juna, waɗanda sifelin ɗinsu daidai ne amma an ajiye su inda ba muhallinsu ba. Yaro zai kawo takarda ya rubuta I don't want to loose this opportunity, alhali lose yake nufi wato rasawa, shi kuwa loose sako-sako ne kamar wandon da ya yi wa mutum yawa, to nan take za ta ja layi ta nuna maka. Haka advice da advise, na farkon shawarar ce kanta, na biyun ba da ita. Their da there kam kullum sai na gani, wallahi har a furojet ɗin masu digiri na biyu, kuma abin yana damuna sosai don mutum ya sha wahalar karatu amma harafi ɗaya ya sa mai ɗaukar aiki ya ture takardarsa gefe.

Abu ɗaya dai, kafin ka fara shiga saitin ka zaɓi Turancin Ingila, tunda shi ake koya mana a makaranta. Idan ka bar ta a na Amurka za ta ce ka mayar da colour ya koma color, centre ya koma center, sannan su can practice suke rubutawa ko suna ne ko aikatau, mu kuwa aikatau practise ne da s.

Sai da data take aiki, wannan a sani. Sunayenmu irin su Ɗanjuma ko Funtuwa in ta ja musu layi sai ka zuba su a ƙamus ɗinka na ciki, shi ke nan ba za ta sake taɓawa ba. Ni yanzu in ta kama kuskure kiran mai takardar nake ya matso kusa da allo ya karanta dalilin da idonsa kafin in danna gyara.