Jakar Hannun Mashin: Abin da Na Gani Bayan Damina Guda a Hanyar Argungu

Duk wanda ya taɓa fitowa daga Birnin Kebbi a kan mashin cikin watan Agusta ya nufi Argungu, ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, kai kuma wajen ka dosa. Gaba da gaba za ku yi. Wani lokaci kafin ka wuce Ambursa, inda filin jirgin sama yake, iska ta fara kaɗa ka, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rigar ruwa ta tsare maka ƙirji da baya, hular kwano ta tsare kai, takalmin roba ya tsare ƙafa. Hannu kuwa, wanda ke riƙe da totur da birki da kuloci, shi ne a waje babu komai, kuma shi ruwan ke fara duka.

Ni malamin gona ne, a Badariya nake zaune. Aikina na bin manoman shinkafa ne a fadamun da ke tsakanin Zauro da Argungu, kuma lokacin da aka fi buƙatata shi ne lokacin da kowa ke neman rumfar fakewa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a nan Kebbi a 2015 zirga-zirgarmu ta ƙaru, bayan ambaliyar 2020 kuma ta zama sai ka je da ƙafarka ka ga gona kafin ka rubuta komai a kanta. Daga 2023 da aka cire tallafin mai, zancen mota ya fita daga lissafina. Boxer ce abokiyar tafiya, rani da damina.

Mutane da yawa suna ɗaukar jiƙewar hannu ƙaramin abu. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Amma ka lura da abin da ke faruwa. Ruwan damina ba shi da sanyin da zai cutar da kai in kana tsaye. In kana gudu kuwa, iska tana bin jiƙaƙƙiyar fata tana kwashe ɗumin jiki ba ƙaƙƙautawa. Bayan rabin awa yatsu su yi fari fat, su yamutse kamar na wadda ta wuni tana wanki, sannan su sanƙare. Kana son ka matse birki a hankali, yatsun sun ƙi jin magana: ko su kasa, ko su damƙe gaba ɗaya. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta, damƙe birkin gaba da ƙarfi shi ne hanyar faɗuwa mafi sauri. Robar hannun mashin ma in ta kwana biyu santsi take yi da ruwa, sai ka ƙara ƙarfin riƙo, kafaɗa da wuya su ɗauki gajiyar. In na isa gona kuma ga wata matsalar. Waya ba ta karɓar taɓin jiƙaƙƙen yatsa, takardar da zan cike ta jiƙe tun kafin biro ya hau ta.

Babu dabarar da ban gwada ba. Leda ita ce ta farko, kamar kowa. Ka zura hannu ka ɗaure a wuyan hannu, tafiyar mintuna goma ta yage a wajen babban yatsa, ga santsi a kan totur. Safar hannu ta ulu, irin wadda muke sawa da hunturu, ta fi zama babu muni, domin shan ruwa take yi ta riƙe maka shi a jikin fata. Safar fata ta yi mini sati biyu, da ta jiƙe ta bushe sau uku sai ta ƙandare kamar busasshen ƙirgi. Wadda ta ɗan yi abin kirki ita ce safar roba mai kauri irin ta masu kwaɓa siminti. Ruwan sama ba ya ratsa ta, gaskiya ne, amma gumi ke jiƙa ka daga ciki, in ka cire hannu yana wari, tsakanin yatsu yana ƙaiƙayi.

A farkon daminar bana na shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi neman tayar baya, sai na ga wani abu rataye a shagon mai kayan mashin, baƙi, guda biyu, kamar manyan takalman jarirai da aka hura. Na tambaya. Yaron shagon ya ce, "Malam, jakar hannu ce. Ga kan mashin aka ɗaura ta, ka sa hannu ciki. Tun da anka kawo su mutum ukku kaɗai sunka saya." Babu sunan kamfani a jikinta, sai rubutun China a ledar. Muka daidaita a kan naira 7,500. Na juya ta a hannu na daɗe, don kuɗin ya kai na man kwana biyu, sannan na biya.

Yadi ne mai kauri irin na jakar makaranta, an shafe bayansa da roba, ciki kuma an yi masa shafi mai gashi-gashi kamar bargo. Tana haɗiye hannun mashin gaba ɗaya har da hannun birki ko na kuloci da maɓallan fitila da oda. Akwai ƙaramin rami a sama inda ƙarfen madubi ke wucewa, sai igiyar zarge da ke matse bakinta a jikin ƙarfe. Ɗaurawa ba wuya: ka kwance madubi, ka zura, ka mayar. A nan zan ce wa 'yan kabu-kabu masu cire madubi tun ranar da suka sayi mashin, wannan kaya ba zai zauna muku ba, domin madubin ne ginshiƙinta. Dama cire shi ba dabara ba ce.

Ranar farko da ruwa ya same ni da ita, wajen Gwadangaji ne, yayyafi mai ƙarfi da ya ɗauki kusan awa ɗaya. Na isa Zauro na zare hannu na duba. Busasshe ƙayau, har da ɗumi. Na ciro waya na ɗauki hoton gona nan take, na cike takarda ba tare da na nemi gefen riga na goge yatsu ba. Wani dattijon manomi da muka saba ya kama hannuna za mu gaisa, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ɗana, cikin mota ka taho?" Na nuna masa mashin yana ɗigar ruwa. Ya zagaya ya leƙa cikin jakar, ya zura nasa hannun, ya jinjina kai. Ranar na ji kuɗina sun yi rana.

To amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sati na uku ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ya faru, kuma ina roƙon duk mai niyyar saye ya karanta wannan wurin da kyau.

Na baro gida da hantsi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, ina sauri in kai Argungu kafin ya sauko. Hanya ta miƙe, na ɗan ƙara wuta, iska kuma tana tahowa ta gaba da ƙarfi. Sai na ji mashin yana nauyi, kamar na ɗauko buhu biyu alhali ni kaɗai ne. Na ƙara totur, yana ƙugi amma ba ya sakin jiki. Wani ɗan kabu-kabu da ke bayana ya matso daidai ni yana ɗaga murya, "Maigida, wutar birkinka na kunne tun can baya!" Ƙafata ba ta kan birki, yatsuna ma ba su kai ba. Na gangara gefe na tsaya. Da na kai hannu kusa da gangar birkin gaba, zafi ya buge ni. Abin da ke faruwa shi ne, iska tana danna gaban jakar, jakar kuma tana danna hannun birki. Kaɗan take matsawa, ba yadda za ka ji a yatsa ba, amma ya isa birki ya riƙa shafar ganga. Ɓangaren hagu ma haka take taɓa kuloci, shi ya sa injin ke ƙugi babu ja. Da a ce kwalta ta riga ta jiƙe, na kuma shiga kwana a haka, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Na kwance su duka biyu a wurin na tura cikin jakar baya, na ƙarasa Argungu da hannu a waje, jikina yana rawa ba don sanyi ba.

Babu ko kalma ɗaya ta gargaɗi a ledar kayan. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, don abu ne da ya shafi rai.

Washegari na kai wa bakanikena. Ya danna gaban jakar da tafin hannu, muka ga hannun birki ya motsa. Ya ce, "Yallaɓai, wagga ba ta da ƙashi. Ƙashi za mu yi mata." Ya ɗauko tsohon galan na baƙin mai, mai lita 4, ya wanke da fetur da omo, ya yanka gida biyu, ya fitar da lanƙwasassun ɓangarori guda biyu masu faɗin tafin hannu. Ya huda kowane ɗaya ya sa a ƙarfen madubi daga cikin jakar, ɗaya bakin kuma ya ɗaure shi da waya a ƙarshen kan mashin, yadda robar ta yi baka a gaban hannun birki da tazarar yatsu biyu. Ramin madubin, inda na lura ruwa na ɗan tsattsafowa, ya yanko tsohon tiyub ya yi masa zobe ya matse. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba, na ba shi 1,000. Tun daga ranar na bi hanyar nan cikin iska fiye da sau ashirin, ban sake jin nauyin nan ba. Duk da haka kowace safiya sai na danna gaban jakar da hannu na ga birki bai motsa ba kafin in tayar.

Akwai sauran ƙananan abubuwa. Na farko, ruwan da ke bin hannun riga. A zaman Boxer kafaɗa ta fi wuyan hannu tudu, don haka duk ruwan da ya sauka a hannun rigar ruwa gangarowa yake yi ya shige cikin jakar ta baki. A malkar Agusta, da aka wuni ana yi, na tarar da ruwa ya taru a ƙasanta kamar cokali uku. Maganinsa biyu: na sa an huda ƙaramin rami a can ƙasa don ya tsiyaye, sannan na daina tura hannun riga ciki, ina jawo shi ya rufe bakin jakar daga waje. Hakan ya rage shi sosai, bai kawar ba.

Na biyu shi ne wannan shafi mai gashi. An yi shi ne don ƙasashe masu ƙanƙara, ba don Kebbi ba. Da zarar ruwa ya ɗauke rana ta buɗe, cikin jakar ya zama tanda. In kuma ya jiƙe, kwana biyu bai bushe ba, ga warin ruma. Maiɗakina ce ta ce, "Malam, kawo in farke shi, mi amfaninai?" Ta sa reza ta cire shi tas, ta bar yadin roba kawai. Jakar ta fi sauƙin bushewa, ta kuma fi faɗi. Ta ajiye mini shafin ta ce in hunturu ya kama a Disamba za ta mayar, kuma ina ganin a lokacin zai yi amfani sosai, musamman fitar asuba.

Na uku ya ɗan ba ni wahala kafin in saba. Ba ka ganin maɓallai, sai ka lalubo oda da sigina da babban yatsa. Ga wanda ya daɗe da mashinsa wannan kwana biyu ne. Abin da ya fi shi ne gaisuwa. Mu nan ba ka wuce dattijo a bakin hanya ko majalisa a ƙofar gida ba ka ɗaga hannu ba, a ƙauye ma abin magana ne. Zare hannu daga jakar ba wuya, mayarwa ne sai ka nemo bakin, idonka kuma ya bar hanya na ɗan lokaci. Sau ɗaya na kusa shiga rami a haka. Yanzu in na shigo gari ina rage gudu in yi sallama da baki in sunkuyar da kai, in kuma babban mutum ne in tsaya gaba ɗaya. Wanda ke aikin kabu-kabu cikin gari, yana karɓar kuɗi yana ba da canji kowane minti biyar, ina ganin za ta fi takura masa fiye da taimako. Ta mai doguwar tafiya ce: malamin makarantar ƙauye, ma'aikacin lafiya mai bin rigakafi, mai kai kifi ko albasa daga gari zuwa gari.

Wajen ƙarko, bayan wata huɗu ɗinkin ɓangaren dama ya fara buɗewa inda totur ke murzawa, mai ɗinkin kujerar mashin ya maimaita mini shi da zare mai kauri. Baƙin ya koɗe ya koma toka-toka saboda rana. Yadin kansa bai yage ba, bai kuma fara shan ruwa ba. Ina zaton za ta ƙara damina ɗaya, in na cire ta na adana da rani.

Shin zan sake saye? Zan sake, amma daga shago kai tsaye wajen bakanike zan wuce, ba zan hau kwalta da ita yadda aka sayar mini ba. Mai ɗinkin kujerar nan ma ya auna ta da tef, ya ce zai iya fitar da irinta da tamfol, ya sa mata robar galan tun daga ɗinki, a kuɗin da bai kai nata ba. Na ba shi aikin guda biyu, ɗaya tawa ɗaya ta abokin aikina da ke bin hanyar Kalgo zuwa Bunza, ya ce in dawo bayan sati biyu.