Sharhi a kan Maxima: wata uku ina lissafin jerin Fourier da ita

Ina koyar da lissafi a Yamai, kuma da maraice nakan zauna da wasu ɗaliban jami'a domin bitar darussan da suka yi musu tsauri. A bana jerin Fourier, wato rubuta fonksiyo a matsayin jimillar gaɓoɓin sinus da kosinus, shi ne ya tsaya musu a wuya, musamman bambancin jerin sinus da na kosinus, shi ya sa na saka Maxima, wata manhajar lissafi, a tsohuwar kwamfutata tare da wxMaxima, wadda take nuna lissafi a tsare kamar yadda ake rubuta shi a allo. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta sake neman intanet, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai tattalin kuɗin data. Asalinta Macsyma ce, wadda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1968, kuma William Schelter ne ya riƙe reshen da ya zama Maxima daga 1982 har rasuwarsa a 2001.

Mun fara da misali mafi sauƙi, wato f(x) = x daga 0 zuwa π. A zaman farko amsar da ta ba ni ta fito da tsawo, cike da sin(nπ) da cos(nπ), har na zaci na yi kuskure wajen rubuta antegiral ɗin. Ashe laifin nawa ne, domin ban sanar da ita cewa n cikakkiyar lamba ce ba. Da na rubuta declare(n, integer), sai sin(nπ) ya koma sifili, cos(nπ) ya koma (−1)^n, ma'aunin jerin sinus, wato lambar da ake ninka kowace gaɓa da ita, kuma ya fito fes: 2(−1)^(n+1)/n. Akwai ƙunshi mai suna fourie a cikin Maxima da yake ɗauke da umarnin foursin da fourcos masu fitar da ma'aunan kai tsaye, amma na fi son ɗalibi ya rubuta antegiral ɗin da hannunsa, don kada ya manta inda 2/π da ke gaban antegiral ɗin ya samo asali.

Inda manhajar ta fi yi mini amfani shi ne zane. Mun ɗora jerin biyu a kan miƙaƙƙen layin x. Na kosinus, wanda ma'auninsa yake raguwa kamar 1/n², ya kwanta a kan layin tun daga gaɓoɓi biyar, har sai an ƙura ido kafin a raba su. Na sinus kuwa, mai raguwa kamar 1/n, ya yi ta lanƙwasa, kuma da ya kusanci π sai ya yi tsalle ya wuce 3,14 ya doshi 3,7, sannan ya faɗo sifili. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, a ƙara gaɓoɓin, zai gyaru.” Muka kai su 50, muka kai 200, tsallen ya matse, ya ƙara matsowa kusa da π, amma tsayinsa bai ragu ba. Wannan shi ne abin da ake jingina wa masanin kimiyya Gibbs, wanda ya bayyana shi a 1899, ko da yake Henry Wilbraham ya riga shi tun 1848, kuma girmansa kusan kashi 9 cikin 100 ne na giɓin da ke wurin. Na shafe shekaru ina bayyana cewa jerin sinus yana juya fonksiyon ne kansa a ƙasa a ɗaya ɓangaren, wanda ya haifar da giɓi na 2π, alhali na kosinus yana maimaita shi kamar a madubi ba tare da giɓi ba, amma ban taɓa ganin maganar ta shiga kamar ranar ba. Daga nan ya zama da sauƙi in koma da su ga aikin Joseph Fourier na 1822 a kan yaɗuwar zafi: sandar ƙarfen da aka riƙe zafin bakunanta a sifili tana kiran sinus, wadda aka toshe bakunanta don kada zafi ya fita kuma tana kiran kosinus.

Sai dai akwai wurin da dole mutum ya buɗe ido. Amsar gama-gari da ake samu da n ba ta tsayawa a madadin kowace gaɓa. A jerin kosinus na x, n² yana ƙasa, don haka sai an lissafa gaɓar n = 0 daban, a sami π/2. Da muka nemi jerin sinus na cos x, sai n² − 1 ya fito a ƙasa, ɗalibai uku suka saka n = 1 suka ci karo da rabawa da sifili, suka ce kwamfuta ta rikice, alhali in an koma ga antegiral ɗin da n = 1 amsar sifili ce kawai. Saboda haka yanzu na sa doka a zamanmu: kowa ya fitar da gaɓoɓi biyu na farko a takarda kafin in buɗe kwamfutar, sannan mu gwada abin da ya samu da abin da ta bayar.