Kayan gwajin ruwa na API a akwatin kifi mai lita 40

Mu mutanen Kebbi ba a koya mana kifi, amma kifin Argungu kogi ne ke wanke masa ƙazanta. Na ado da ke cikin akwatin gilashi mai lita 40 kuwa, a cikin abin da ya fitar yake kwana. Shi ya sa kafin in saka kifi ko ɗaya na sa aka kawo mini API Freshwater Master Test Kit, kuma a ganina kuɗina bai tafi a banza ba.

Kifi na fitar da amoniya, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake bayarwa. Bakteriyar da ke zama a cikin soson matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin, ce ke mayar da ita nitrite, wata kuma, irin su Nitrospira, ta mayar da nitrite ya zama nitrate. Biyun farko dafi ne, na ukun da sauƙi. Kafin waɗannan bakteriya su yi yawa a sabon akwati akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ni ɗan abincin kifi nake barbaɗawa a ruwan da babu kifi, ya ruɓe ya ciyar da su.

Ana ɗibar mililita 5 na ruwa a 'yar kwalba, a ɗiga magani, a jira minti 5, a gwada launi da katin da ke cikin kwalin. Amoniya kan tashi daga rawaya zuwa kore. Na nitrite shi ne ya fi burge ni: idan babu komai shuɗi ne mai haske, idan akwai ya koma ruwan goda tun kafin lokacin ya cika. A daidai wannan mataki ruwan akwatina garau yake, har yara sun fara cewa "Baba, ai ya yi, a sa kifin mana." Kwalbar ta ce a'a. Ido ba ya ganin nitrite, kuma shi ne ke hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin, ka ga kifi na haki a saman ruwa mai kyan gani.

Gwajin nitrate yana son ƙarfin hannu. Sai an girgiza kwalbar magani ta biyu na daƙiƙa 30, a sake girgiza ta gwajin na minti 1, in ba haka ba zai nuna ƙasa da gaskiya. Launin kuma a duba shi a bakin taga da rana, hasken kwan fitila na rikita rawaya da kore.

Na taɓa gwada 'yan takardun gwajin nan da ake tsomawa a ruwa. Sun fi arha da sauri, sai dai waɗanda na samu babu amoniya a cikinsu kwata-kwata, alhali ita ce abin farko da sabon akwati ke buƙatar a sani.

Garinmu na da nasa sharuɗɗan. A Birnin Kebbi cikin Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma dafin amoniya na ƙaruwa idan ruwa ya ɗumama ko pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya hau. Ƙaramin akwati ba ya da haƙuri, nan da nan yake canzawa. Ruwan da ya ƙafe idan ka cike gurbinsa ba ka rage nitrate ba, sai ka kwashe wani kaso ka zuba sabo. Ruwan famfo mai kilorin na kashe bakteriyar, don haka soson matatar ruwan a ruwan akwatin nake matse shi. Idan wuta ta daɗe ba a kawo ba kuwa matatar ruwan na tsayawa, bakteriyar ta rasa iska, shi ya sa na haɗa tawa da sola.

Sai da amoniya da nitrite suka tsaya a sifili, nitrate ya fara nuna ruwan lemo, sannan na saka kifi, kaɗan-kaɗan. Yanzu gwajin mako-mako ya ishe ni, kuma har yau magungunan ba su ƙare ba.