Gargaɗi: A Yi Hattara da Masu Tallar Karatu da Aikin Sa Kai a Tanzaniya da Kenya

Jama'a, akwai wani talla da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok, ana yi wa matasa romon baka da tafiya Tanzaniya ko Kenya. Wai za a yi wata uku ana koyon Swahili, sai wata shida na aikin sa kai a gidan marayu da alawus na dala, daga nan a miƙa mutum jami'a kyauta. Hotunan kuwa ba a magana: farin yashin gaɓar tekun Zanzibar, Dutsen Kilimanjaro da ƙanƙara a kansa, yara cikin kayan makaranta suna dariya. Can ƙasa an rubuta cewa guraben sun kusa cika. Damfara ce tsagwaronta. Sunan masu ita yana canzawa, yau gidauniya, gobe cibiyar musayar ɗalibai, amma hanyar cin kuɗin ɗaya ce, don haka hanyar zan bayyana.

Abin da ya sa tallan ke kama mutane shi ne an gina shi a kan gaskiya. Harshen Swahili ya samu ɗaukaka: Tarayyar Afirka ta sa shi cikin harsunan aikinta a 2022, UNESCO kuma ta ware masa ranar 7 ga Yuli. 'Ya'yanmu sun daɗe suna karatu a gabashin Afirka, musamman a Jami'ar Musulunci ta Uganda da ke Mbale, wadda aka buɗe a 1988, ko a 2023 ma gwamnatin Kano ta tura ɗalibai Uganda. Ga shi Zanzibar da Mombasa da Lamu garuruwan Musulmi ne, to da an ambace su sai hankalin iyaye ya kwanta. Ɗan damfara ya san wannan sarai, shi ya sa zai fara da sallama cikakkiya, ya ce akwai masallaci kusa da masauki, abinci kuma halal ne.

Shigo-shigo ba zurfi suke yi. Farko kuɗin fom, ɗan kaɗan, wanda ba zai sa mutum ya tsaya tunani ba. Sai ganawa ta kiran WhatsApp, ba a ganin fuskar mai tambaya, kuma babu wanda ya taɓa faɗuwa. Bayan kwana biyu takardar samun gurbi ta iso. Daga nan ne aiki ya fara: kuɗin karɓar gurbi, kuɗin biza, inshora, ajiyar ɗaki, tikiti, kowanne da wa'adinsa na gobe ko jibi.

Na riƙe irin wannan takarda a hannuna, ta ɗan wata maƙwabciyarmu. Tambarin wata jami'ar gwamnatin Tanzaniya ne a sama, ya yi dishi-dishi saboda daga intanet aka kwafo shi. Adireshin imel ɗin ya ƙare da gmail, alhali jami'o'in Tanzaniya da ac.tz suke ƙarewa, na Kenya kuma da ac.ke. Lambar wayar wanda aka kira magatakarda ta fara da +254, wato Kenya, makarantar kuwa wai tana Tanzaniya, inda lamba ke farawa da +255. Asusun da aka ce a tura kuɗi kuma na wani mutum ne, da sunansa na yanka, a wani banki a nan gida. Wanda ya san Tanzaniya ya san cewa duk kuɗin da za a biya hukuma ko jami'ar gwamnati, sai an ba ka wata lambar biya ta musamman daga tsarin karɓar kuɗi na gwamnati, da ita za ka biya, rasit ya fito da sunan makarantar. Babu jami'ar da ke karɓar kuɗin makaranta ta aljihun wani.

Uwar yaron ta kira ejan da ke karɓar kuɗin a gabana, ta ce, "Malam, yaushe bizar za ta fito? Yaron nan ya ajiye sana'arsa."

Ya ce, "Haba Hajiya, kwantar da hankalinki. Ai ba sai an jira ba, a filin jirgi za a buga masa. Ke dai ki cika kuɗin tikiti kafin Juma'a."

Wannan maganar kaɗai ta isa ta tona asirinsa, kuma a nan nake so a tsaya da kyau. Nijeriya da Nijar da Chadi suna cikin jerin ƙasashen da hukumar shige da fice ta Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an nema ta shafin hukumar, an tura bayanan hedikwata an tantance, an amince, sannan mutum ya taso. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema tun da sauran wata biyu, kuma kada a sayi tikiti sai amincewar ta fito. To duk ejan da ya ce wa mai fasfon Nijeriya ko Nijar ya hau jirgi kawai, ko dai jahilin aikin ne ko maƙaryaci, kuma sakamakon ɗaya ne: a hana shi hawa jirgi tun daga gida, ko a juyo da shi daga Dar es Salaam. Zanzibar ma ɓangaren Tanzaniya ce, dokar bizar ɗaya ce, kada wani ya ce maka tsibiri ne mai tsarinsa daban.

Sannan bizar ziyara ba ta wuce kwana 90. Shirin da aka ce na wata tara ne har da jami'a, ta yaya zai shiga cikin kwana 90? Mai karatu yana bukatar bizar ɗalibi, mai dogon aikin sa kai kuma izinin zama rukunin C, kuma dole makarantar ko ƙungiyar da ta gayyace shi ta tsaya masa da takardunta na rajista. A Kenya ma makarantar ce ke nema wa ɗalibi takardar izinin karatu. Ejan da ke zaune a wani shago da kwamfuta ɗaya ba shi da wannan hurumin.

Kenya ta soke biza a Janairun 2024, ta koma izinin shiga na intanet da ake kira eTA, kuɗinsa kusan dala 30 a shafin gwamnati. A 2025 kuma ta sanar da ɗauke wa yawancin 'yan Afirka wannan sharaɗin a gajeriyar ziyara, ban da Somaliya da Libiya. Amma har yau ana karɓar maƙudan kuɗi a hannun mutane da sunan "bizar Kenya". Haka inshorar Zanzibar: gaskiya ne tun 1 ga Oktoban 2024 baƙo yana biyan dala 44, amma kamfanin inshora na gwamnatin Zanzibar ake biya kai tsaye ta shafinsa. Su kuwa sai su ninka ta, su haɗa maka da takardar da suka buga da kansu.

Tikitin ma akwai wayo a ciki. Ana iya kama wa mutum kujera a jirgi ba tare da an biya ba. Za ka shiga shafin kamfanin jirgin ka ga sunanka da ranar tafiya, ka yi hamdala, ka tura kuɗi. Bayan 'yan kwanaki kamun ya faɗi saboda ba a biya ba. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. In babu ita, babu tikiti.

Batun alawus na dala kuwa, a yi wa kai adalci. Tanzaniya da Kenya cike suke da matasa masu digiri da ke neman aiki, suna jin Swahili tun daga nono. Wane gidan marayu ne zai bar su, ya ɗauko wanda bai iya ko gaisuwa da harshen ba, ya biya shi da dala? Yawancin shirye-shiryen sa kai da ke Arusha da Moshi da Zanzibar, baƙon ne ke biyan kuɗin masauki da abinci, galibi Turawa. Wasu masu tallan suna liƙa tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, da yake tana da manyan ofisoshi a unguwar Gigiri ta Nairobi. Shirin sa kai na Majalisar ba ya karɓar ko kwabo a kowane mataki na nema. Nijeriya ma tana da nata shirin tun 1987, wanda ake kira TAC, yana tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka na shekara biyu, kuma ta hukuma ake nema, ba ta hannun ɗan tsakiya ba.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi ɗaga mini hankali, wato su yaran da ke cikin hotunan. Ƙungiyoyin kare yara irin su Lumos sun daɗe suna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su da gida. An samu gidajen da ake buɗewa musamman don baƙi su zo su ji tausayi su zuba kuɗi, har a je ƙauye a karɓo yara da alkawarin makaranta. Ostireliya ta amince a 2018 cewa wannan nau'in safarar mutane ne. Kenya kuma, bayan dokar yara ta 2022, tana kan shirin shekara goma na mayar da yara hannun dangi. Mu da muka san darajar riƙon maraya, bai kamata a yi amfani da tausayinmu a ciyar da irin wannan kasuwa ba. Wurin da zai miƙa maka yara ba tare da ya bincike ka ba, ba wurin kirki ba ne.

Saura digiri. Wasu ana kai su da gaske, su tarar da makaranta a saman bene mai ɗaki uku. Ba a manta da abin da ya faru a ƙarshen 2023 ba, lokacin da ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce binciken zai kai har Uganda da Kenya da Nijar. Ke nan takardar da aka kawo daga can ana sa mata ido. Kafin ka biya ko sisi, nemi sunan makarantar a jerin hukumar jami'o'in ƙasar: TCU a Tanzaniya, CUE a Kenya, NCHE a Uganda. In sunan yana ciki, rubuta wa makarantar da adireshin da ke shafinta, ba wanda ejan ya ba ka ba, ka tambaya ko sun san lambar takardarka. Mai son koyon Swahili da gaske, akwai cibiyar nazarin harshen a Jami'ar Dar es Salaam, akwai Jami'ar Jihar Zanzibar, duka suna karɓar baƙi kai tsaye.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko da an ce wannan ne na ƙarshe, kuma kada ya saurari wanda zai ɓullo daga baya ya ce zai ƙwato masa kuɗin in ya biya wani abu, sau da yawa su ne dai. Ya je bankinsa a ranar, ya shigar da ƙorafi a rubuce don a nemi riƙe asusun da aka tura wa. Ya ɗauki hoton hirarrakin da rasit da lambobin waya kafin su goge, domin da sun ji alamar an farga sai su yi layar zana. A Nijeriya a kai wa EFCC ko 'yan sanda. In kuma sun karɓi fasfo, ko sun riga sun tafi da yaro an daina jin ɗuriyarsa, a sanar da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Nijeriya, da ofishin jakadancin ƙasarku da ke Nairobi ko Dar es Salaam ba tare da jiran gobe ba.