Sharhi kan gudun famfalakin Legas: hanyar Surulere zuwa Eko Atlantic da yadda ake raba mata ƙarfi

Wanda ya kalli taswirar gudun famfalakin Legas zai ɗauka ya samu banza. Gari ne a bakin teku, babu dutse, babu tudun kirki, kwalta ce shimfiɗe tun daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere har Eko Atlantic. Na bi hanyar da ƙafata, kuma hukuncina shi ne tsere ne da ya cancanci a shiga, amma ba wurin da mutum zai je neman lokacin da ya fi kowane lokacinsa kyau ba ne. Kilomita 42.195 ɗin daidai suke da na ko'ina. Abin da ya bambanta su shi ne zafi da laima da wata doguwar gada. David Barmasai ɗan Kenya ya ci tseren a 2020 cikin awa 2:10:23, alhali Eliud Kipchoge ya yi 2:01:09 a Balin ta Jamus a 2022. Ba yanayi kaɗai ya kawo wannan tazara ba, amma yana da kaso babba a ciki. Idan manya ma suna biyan wannan haraji, mai gudun awa huɗu ko biyar ya san nasa ya fi yawa, don shi rana za ta same shi a hanya tana tsaka.

Tun 2016 ake yin tseren, yawanci ranar Asabar cikin Fabrairu, a tashi wajen ƙarfe shida da rabi na safe. Hanyar da zan yi magana a kanta ita ce wadda aka yi shekaru ana bi ta kan gadar Third Mainland. Duk da haka a duba taswirar da masu shiryawa suka fitar ta shekarar, domin ana sauya hanyar, wani lokacin har da mafara. A duba kalanda ma: azumi ya sauko cikin Fabrairu a waɗannan shekarun, kuma wannan ba gudun da ake haɗawa da azumi ba ne.

Babban tarkon ɗan Arewa shi ne hunturu. Duk atisayensa mai nauyi yana faɗawa cikin Disamba da Janairu, lokacin da asubar Kano ko Zariya ke sauka ƙasa da digiri 15, iska a bushe ƙayau. Gumi na fita yana bushewa nan take, jiki na hucewa, mutum ya ga yana cin kilomita ba haki, ya ɗauka ƙarfinsa ke nan. A Legas kuwa gari na wayewa ne da wajen digiri 25, laimar iska ta haura kashi 80 cikin ɗari. Gumin ba ya bushewa, zuba kawai yake yi, kuma gumin da bai bushe ba bai sanyaya kowa. Sai jini ya koma fata don fitar da zafi, zuciya ta ƙara bugu, takin da yake wasa a gida ya zama aiki tun kafin a kai rabi. Ko 'yan Filato, waɗanda suka saba mamaye sahun gaba a cikin 'yan Najeriya saboda atisaye a tudun Jos da Pankshin, huhu tsaunin yake gyara musu, ba ya koya musu laima.

Shirin kansa mako 16 zuwa 18 ne, wato a fara cikin Oktoba, kuma ga wanda dama yana iya kilomita 10 ba tsayawa. Gudu huɗu a mako ya isa: biyu a hankali, ɗaya da ɗan zafi, ɗaya dogo. Dogon a fara shi daga kilomita 14 ko 16, a riƙa ƙara biyu, duk mako na huɗu a rage don jiki ya farfaɗo, har a kai 30 zuwa 32 saura mako uku. Daga nan sai ragewa. Wanda ya ga lokaci ya ƙure masa kada ya cusa dogayen gudu a makon ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai tseren kilomita 10 a rana guda, ya shiga wannan.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne sabo da zafi, wanda jiki ke samu cikin kwana 10 zuwa 14. A makonni uku na ƙarshe a ɗauke gajerun gudu daga asuba a mayar da su wajen sha ɗaya na rana ko bayan azahar, minti 45 zuwa awa ɗaya, a hankali, da riga mai dogon hannu. Ba sauri ake nema ba, so ake jiki ya koyi fara gumi da wuri, ya kuma rage zubar da gishiri. Ranar da ƙura ta turnuƙe a haƙura. A cikin waɗannan ranaku ne kuma ake gwajin sikeli: a hau kafin gudu, a yi awa ɗaya, a goge jiki a sake hawa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu, lita ɗaya ce ta ruwa ta fita, a haɗa da abin da aka sha a hanya. Mutum biyu masu girma ɗaya na iya bambanta ninki biyu, shi ya sa ba a kwaikwayon shan ruwan wani.

Lissafin taki ba shi da wuya. Awa huɗu na nufin minti 5:41 a kowace kilomita, awa huɗu da rabi 6:24, awa biyar 7:07. Shawarata ga wanda ya auna kansa cikin hunturu ita ce ya ƙara daƙiƙa 15 a kan kowace kilomita tun daga farko. Mai 6:24 ya koma 6:39, ya ƙare wajen awa huɗu da minti 40. Minti goma da ɗoriya ke nan aka ba zafi da hannu, kuma ya fi arha a kan abin da zai ƙwace da kansa. Ga dalili. Wanda ya ɗibi kilomita goman farko da saurin da ya wuce ƙa'idarsa da daƙiƙa 20 ya tara ribar minti uku da daƙiƙa 20 kacal. In ƙafa ta mutu a kilomita 32 ya koma tafiya, kowace kilomita za ta ci masa minti 11 ko 12, wato asarar minti biyar. Kilomita ɗaya ta cinye ribar duka, ga saura tara a gaba.

Farkon tseren yana da daɗi har ya yi yawa. Rana ba ta fitowa a Legas sai wajen bakwai, saboda haka ana tashi ne da sauran duhu-duhu, ga kiɗa, ga dubban mutane, da yawansu ba su da niyyar kai ƙarshe. Za ka ga matasa sun fyalla kamar an biyo su. A bar su. Cikin cunkoson nan kada a riƙa kurɗawa hagu da dama, ƙarin tafiya ce da ba a ƙirga wa kowa, kuma a nan ake taka dugadugan juna. Daga Ojuelegba zuwa titin Ikorodu, a bi ta Anthony da Gbagada har Oworonshoki, akwai gadojin sama da ake hawa ana sauka. Ba su da tsawo, amma suna sata a ɓoye. A gajarta taku a hawa, a bar agogo ya nuna jinkirin daƙiƙa goma ko ashirin, kada kuma a ce za a rama a gangara. Ma'aunin wannan sashe shi ne magana: in ba ka iya gaya wa na kusa da kai jimla guda ba tare da ka yanke ta ba, ka yi sauri.

Sai gadar. Third Mainland kilomita 11.8 ce, an buɗe ta a 1990, kuma ita kaɗai ta cinye fiye da rubu'in tseren. Samun ta babu mota ko ɗaya, mutum na tafe a tsakiyarta da ƙafa, shi ne abin da ya fi komai armashi a wannan tsere, kuma shi kaɗai ya isa dalilin zuwa. Kudu ake fuskanta, rana na tasowa ta hagu daga kan ruwa, a dama ga Jami'ar Legas, can gaba ga gidajen katako na Makoko a tsaye cikin ruwa da hayaƙin banda kifi, masunta na tura kwalekwale a ƙarƙashinka. Amma babu inuwa ko ta sandar rake, babu 'yan kallo, ba ka jin komai sai ƙarar takalma da numfashi. Ido ba ya samun abin kamawa, sai ka ga kamar ba ka matsawa, kuma a nan mutane ke ƙara wuta ba su sani ba. Iskar ruwan ma na yaudara, tana sa a ji sanyi-sanyi a fata a tsallake teburin ruwa. Abin da ke aiki shi ne a yanka gadar gida uku a zuci, kusan kilomita huɗu-huɗu, kowane gida da nasa cin abinci da shan ruwa, a samu mutum biyu ko uku masu taki irin naka a laɓe a bayansu. A lura da mahaɗar ƙarfe da ke ratsa kwaltar, a ɗaga ƙafa a tsallake. Inda gadar ta yi kwana kwaltar kan karkata gefe guda, daɗewa a gefen da ya gangara na gajiyar da gwiwa ɗaya.

Wanda ya sauko gadar yana jin kamar bai fara ba, shi ya yi daidai. Ikoyi na da bishiyoyi nan da can, a bi gefen inuwa ko da ya ɗan fi nisa. Gadar Lekki da Ikoyi, mai igiyoyin ƙarfe, ba ta kai kilomita ɗaya da rabi ba, sai dai hawanta na gaske ne kuma tana zuwa lokacin da cinya ta fara tsami. Tafiya da sauri na minti ɗaya a kanta ba abin kunya ba ne. Daga Lekki a dawo ta Ozumba Mbadiwe zuwa Victoria Island, nan ne ainihin tseren: ƙarfe tara ta wuce ga yawancin mutane, kwalta ta ɗau zafi tana mayarwa, sukarin da jiki ya adana ya kusa ƙarewa. Eko Atlantic ƙasa ce da aka cike teku aka yi, fili fetal. Ana hango wurin ƙarewa tun da nisa, kada a tashi gudun ƙarshe sai an ga allon kilomita 41.

Agogon GPS na da amfani, amma kada a ba shi amana duka. Ana auna hanyar tsere ne ta layin da ya fi gajarta, ba kuma mai iya bin sa daidai cikin jama'a, saboda haka agogo zai nuna 42.5 ko fiye a ƙarshe. Mita 400 ta ƙari minti biyu da rabi ce ga mai 6:24. A kashe ƙirgan da agogon ke yi da kansa, a riƙa danna maɓalli a kan allunan kilomita, a rubuta lokutan kowace kilomita biyar da biro a bayan hannu ko a jikin filasta.

Abinci a hanya giram 30 zuwa 60 na sukari ne a kowace awa, a fara tun minti 40 na farko, ba sai an ji yunwa ba. Ledar jel ɗaya, wato sukarin nan mai kauri da ake yi wa masu gudu, na da giram 20 zuwa 25, mai awa huɗu da rabi zai buƙaci shida ko bakwai. In tsadarta ta yi yawa, ƙananan dabino huɗu ko biyar na tsayawa a madadin leda ɗaya, a jiƙa busasshen ya yi laushi, a cire ƙwallo tun a masauki, a ƙulla a 'yan ledoji. Ko wanne aka zaɓa, sai wanda ciki ya saba da shi a dogayen gudu. Ruwa kuwa rabin ledar fiya wata, wato mililita 250, duk minti 20 zuwa 25, sauran a juye a ka da wuya. A teburin ruwa kowa na afka wa na farko, a wuce zuwa na ƙarshe, kuma a kula da ledoji da robobin da aka zubar, santsi gare su. Ɗura ruwa zalla fiye da kima na tsinka gishirin jini, alamarsa kumburin yatsu da ciwon kai da tashin zuciya, don haka a haɗa da ruwan gishiri da sukari ko abin sha mai gishiri. A guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kafin gudu da cikinsa, haɗuwarsu da ƙarancin ruwa na taɓa ƙoda. Wanda ya ji tsigar jikinsa na tashi cikin rana, ko jiri, ko ya fara tangaɗi, ko lissafi ya rikice masa, ya tsaya ya nemi ma'aikatan lafiya nan take.

Kayan sawa a Legas jiƙewa suke sharkaf tun kilomita biyar. Rigar auduga na yin nauyi tana goge fata. A sa mara nauyi mai haske, da hular hana-sallah, basilin a matsematsi da hammata da tsakanin yatsun ƙafa, filasta a kan nono ga maza. Takalmi wanda ya riga ya yi aƙalla dogon gudu biyu, da sararin faɗin babban yatsa a gaba, domin ƙafa na kumbura. A juye ruwa a ka ana sunkuye, in ya gangara cikin safa bororo ya samu.

Tafiyar mota daga Kano ta kai kilomita dubu, ƙafa na isa a kumbure, saboda haka a sauka Laraba ko Alhamis, a karɓi lamba da wuri, Juma'a a huta. In daga Surulere za a tashi, a kama masauki a nan ko a Yaba, kusa da mafara, don ana rufe tituna tun da asuba. Daren Juma'a shinkafa ko taliya ko doya, ba wake, ba yaji mai yawa. Karin kumallo kamar sahur ne, wajen uku da rabi: burodi da ayaba da shayi ko koko, ba ƙosai. Alfijir na ketowa shida saura, a fito da alwala a yi sallah kusa da filin. Inda aka tashi ba nan ake ƙarewa ba, kuma komawa daga tsibirin kafin a buɗe hanyoyi na ɗaukar lokaci, don haka a sa wani ya jira a Eko Atlantic da silifas da busasshiyar riga da ruwa, a kuma soke kuɗin mota cikin leda a aljihun wando.