Dusar Ƙanƙara a Landan da Hunturun Sakkwato

'Yan uwa na gida, da yawa sun ɗauka Landan kullum cikin dusar ƙanƙara take. Ba haka ba ne. Sanyin nan na yayyafi ne da lumshi, rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. Sai shekara ta zagayo dusar ba ta kwanta a ƙasa ba. Shi ya sa ranar da ta sauka da gaske, kamar daren 11 ga Disamba 2022, gari ke rikicewa da murna: manya da yara su cika tudun Primrose da dajin shaƙatawa na Greenwich suna sulu, wanda bai samu abin sulun a kanti ba ya ɗauko faranti daga kicin. Dusar da ta zubo ana dab da digiri sifili ita ce mai danshi, ita ke dunƙuluwa a yi mutum-mutumi. Wadda ta zubo cikin tsananin sanyi kamar gari take, ba ta kamuwa.

Wanda ya tashi a Sakkwato, da ya ga farin nan sai hunturu ya faɗo masa a rai: hazo ya rufe gari, almajirai sun kewaye wutar kara da alluna, ana layin kunu da ƙosai kowa ya cusa hannu a hammata, uwa ta kama yaro tana murza masa man kaɗanya a kaushi yana zillewa. Amma sanyin da muke kira jaura, a asubar Janairu, yawanci wajen digiri 15 ne. A nan hukumomin lafiya cewa suke kada ɗaki ya gaza digiri 18. Wato sanyin da ke hana yaro wanka a gida, a nan ana biyan kuɗin gas ne don a kusanto shi.

Da yake dusar ba ta cika zuwa ba, garin bai shirya mata ba. Ranar 2 ga Fabrairu 2009 an dakatar da motocin bas na Landan kaf. A 2022 filayen jirgi na Gatwick da Stansted sun rufe titin tashi, tamkar yadda hazo ke hana jirgi sauka a filin Sultan Abubakar III. Abin da ƙaramar hukuma ke yi shi ne watsa gishiri, mai ruwan ƙasa, wanda ake haƙo da yawansa a garin Winsford na arewa maso yammacin Ingila. Dole a watsa shi kafin dusar ta sauka, kuma sai tayoyi sun niƙa shi yake aiki. In sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, kusan ba ya tsinana komai. Manyan tituna kawai ake bi. Lunguna sai dai akwatunan gishiri masu ruwan ɗorawa a bakin hanya, kowa ya ɗiba ya watsa. Haɗarin ma ba ranar farko yake ba, washegari ne, bayan dusar ta narke ta sake daskarewa kamar gilashi. Takalmin gida mai sulɓin ƙasa karaya yake jawowa, a nemi mai roba da zane mai zurfi.

Babbar matsala tana cikin gida. Boila, na'urar da ke dafa ruwa tana tura shi cikin ƙarafunan ɗumama ɗaki, tana da wani siririn bututun roba fari da ke fitar da ragowar ruwa waje. Shi ke fara daskarewa. Za ka ji boilar tana ƙugi kamar mai kurkure baki, ta nuna lambar matsala, ta mutu. Maganin buta ɗaya ce: a zuba ruwa mai ɗumi a kan bututun, musamman gwiwarsa da bakinsa, sannan a danna maɓallin sake kunnawa. Ban da tafasasshe, yana iya fasa robar. In ta ƙi, kada a buɗe cikinta, doka ta ce mai rajistar Gas Safe, wato rajistar ƙwararrun masu aikin gas, shi ne kaɗai zai taɓa gas, kuma a irin wannan mako samunsa sai an yi haƙuri.

Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, shi ke tsaga bututu, amma ba a ganin ɓarnar sai ya narke. Don haka a san inda makullin ruwan gida yake, galibi ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Kaya kuwa, bargo a nan lambar ɗumi gare shi, ana ce mata tog: 4.5 na zafi, 13.5 na hunturu. A kasuwar gwanjo hannu ke auna kauri, nan takarda ce. Robar ɗumama shimfiɗa kashi biyu cikin uku ake cika ta da ruwan zafi, a matse iska, a rufe. Riguna uku marasa nauyi sun fi jibgegiya ɗaya. Man kaɗanya kuwa, wanda ake saye a ƙoƙo a gida, nan a 'yar kwalba yake da tsadar da za ta sa Basakkwace dariya. Mai tahowa ya yi guzurinsa. Akwai tallafin fam 25 in sanyi ya yi kwana bakwai a sifili ko ƙasa, amma na masu karɓar wasu tallafin gwamnati ne, ɗalibi da mai bizar aiki kada su sa rai.

Kaskon garwashi dai a bar shi a Sakkwato. Ko a gida yana kisa in an toshe ɗaki, balle nan da tagogi ke da gilashi ninki biyu, iska ba ta da mashiga. Gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri ne alamarta ta farko. Akwai ƙararrawar da ke gano ta, girmanta bai wuce tafin hannu ba, ana maƙala ta mita ɗaya zuwa uku daga boila, don ita ma in ta lalace tana iya fitar da gubar, a riƙa danna maɓallin gwajinta ana jin ko batirin na da rai.